Sandar da Nomau Ya Tsinto

A amalanken Nomau na fara ganinta,
tsakanin murfin tukunya da gawar fanka.
Wani tsohon gida aka rushe a Ikoyi, in ji shi,
in ba da ɗari bakwai, ko mai ƙosai ta hura wuta da ita.

Gora ce, gaɓa uku,
an tsage ta shida, an sake haɗe ta da gam.
Mai ita ya rubuta sunansa a gindi,
gumin hannu ya cinye, saura harafi biyu.

Ni keken ɗinki nake gyarawa a Idi-Araba,
ban san kan sandar fatsa ba.
Amma abin da aka yi da haƙuri
ko a bola ya kwana, yana da kamannin gidansu.

Dare goma sha tara ina binta da samfefa.
Zobba biyu tsatsa ta gama da su,
na lanƙwasa wayar laima ta maye gurbi.
Jan zaren siliki, wajen Hashimu tela na ci bashi,
ina naɗi, janareton maƙwabta na tari,
ina riƙe numfashi kamar mai sa wa jariri kwalli.
Kwarkwaron ya ƙi juyawa,
sai da ya sha man keke, ya yi ƙara ɗaya, ya tuna aikinsa.

Lahadi bayan asuba, Oworonshoki,
ƙarƙashin doguwar gada.
Motoci na gurnani a bisa kaina,
masu kwalekwale na watsa birgi suna yi mini dariya.
Na soka tana. Na jefa.

Na farko silifas ne, ƙafar hagu.
Na biyu kainuwa da leda.
Rana ta ɗaga, ruwan ya koma launin shayin da aka manta.

Sai gashin agwagwa ya nutse.
Gorar ta sunkuya, ta yi rawa har cikin gwiwar hannuna,
na ji tsoron ɗaurina, ba na kifin ba.
Ɗaurin ya riƙe.

Karfasa ce, ba ta cika tafin hannu ba.
Da babana na Yauri yana raye
da ya ce wannan ko kyanwa sai an roƙe ta.
Na zare ƙugiya, na mayar da ita ruwa.

A danfo, kwandasta ya ce sandar ma sai ta biya kujera.
Na biya.