Jan Ɗigo a Hawa na Sha Huɗu

Asuba a Kuritiba,
yayyafi na lasar gilashin hawa na sha huɗu.
Na'ura ta kwana tana haɗiyar rasit
daga shaguna ɗari tara da uku:
sabulu nawa, madara nawa,
wa ya sayi wake ran Talata ya fasa sayen nama.

Ni Iolanda, aikina in tambaye ta.
Ba ta gaisuwa, ba ta jin nauyin kowa.

Da hantsi manya suka zauna.
Tsoho Valdomiro, da ya fara da kanti ɗaya da keken kaya,
ya ce shekara arba'in hancinsa yake bi,
ido ba mudu ba, ai ya san kima.
Na kunna allo.
Taswira ta fito kore shar kamar gonar rake,
sai ɗigo ɗaya ja, can wajen Londrina,
wata bakwai yana zubar da jini.

"A rufe," in ji mai riƙon kuɗi,
bai ko ɗaga kai daga kofinsa ba.
Mutum sittin da biyu ke cin abinci a cikin ɗigon nan.

Na roƙi minti goma.
Ruwa ba ya tsami banza.
Na ɗora cinikin bana a kan na bara,
na tankaɗe kwanaki, na tsince sa'o'i,
sai ga shi: masu zuwa da ƙafa suna nan,
masu mota ne suka ɓace
tun ranar da aka datse gadar unguwa don gyara.
Katunansu kuwa sun ɓulla a reshenmu na ƙetaren rafi.
Kuɗin bai bar gida ba, ɗaki ya sauya.

Tsohon ya cire tabarau, ya goge da gefen riga.
"Yaushe za a buɗe gadar?"
Wannan kam na'ura ba ta sani ba.
Sai da ya kira wani direbansa na dā,
aka ce kafin Kirsimeti, in ruwa ya bari.

Aka bar shagon.
Aka rage masa nama, aka ƙara burodi.

Da yamma na sauko, lemata a hannu.
Ɗigon yana can sama, ja,
zai kwana ja, gobe ma haka.
A Londrina kuma wata Neusa
na jera tumatir, manya a gaba,
ba ta san an yi maganarta ba.