Ciyawar Baffa

Taku goma sha biyu ce a tsaye, bakwai a kwance,
da ƙafata na auna ta ranar rabon gado.
Yaya Ɗahiru ya ɗauki shagon Tudun Hatsi,
Adda Furera ta ɗauki gonar Kwadon,
ni aka ce: kai ne mai haƙuri, riƙe gidan Tumfure.
Ba wanda ya ce mini har da ciyawa.

Baffa ne ya dasa ta shekarar da ya ajiye aiki.
A buhu ya kawo ta, saiwa-saiwa,
ya durƙusa yana cusa ta cikin yashi
kamar mai dashen albasa a Dadin Kowa.
Maƙwabta suka leƙo ta katanga:
ga mutum ya shuka abin da ba a ci,
ya kuma hana akuya ta ci.

Yanzu ni ne baranta.
Da rani, kowace Asabar kura biyu ta mai ruwa,
jarka ashirin, kafin in juya yashi ya shanye,
ko gyatsa bai yi ba.
Hajjo tana tara mini ruwan ɗauraya,
ruwan wankin shinkafa, ragowar buta,
tana miƙo bokiti ba ta kallona.

In damina ta sauka sai ta yi girman kai.
Kwana tara na yi a Azare wajen biki,
na dawo ta kai mini ƙwauri,
ƙarangiya ta shigo ba sallama,
aya-aya ta haihu, ta yi jikoki,
sauro ya naɗa mai unguwa.
Injin yankan Baffa shekara uku yana tari,
Iliya bakanike ya ce kabureta ce,
to, sai lauje da almakashi,
sai bayana yana ƙara kamar tsohon ƙyauren kwano.

Ita gara ta ƙarƙashi take aikinta.
Ka kwana da kore, ka tashi da sanƙo.
Na zuba toka, na zuba kashin kaji,
kwana uku ba baƙon da ya zauna ya gama shayi.
Dogon yaro kuwa, in na share da hantsi
kafin la'asar ya sake rubuta wasiƙarsa.
Sau ɗaya yaro ya bar ƙofa a buɗe,
tumakin Malam Barde suka yi walima.

Na yi lissafi a bayan takardar kuɗin wuta:
ruwan rani ɗaya, buhun masara biyu.
Na kira Bitrus mai intalok.
Ya ja tef, ya lashi fensir,
ya ce: kwana uku, ka huta har tsufa,
tsintsiya kawai.
Muka tsayar da Litinin.

Daren Lahadi aka ɗauke wuta.
Bazara ce, ɗaki ya koma tanda,
simintin baranda yana amayar da ranar da ya haɗiya.
Hajjo ba ta ce komai ba,
ta ja tabarma tsakiyar ciyawa.
Ummita ta tuɓe silifa, ta taka, ta tsaya,
ta ce: Abba, nan ne kaɗai ƙasa ba ta cizo.
Wani sanyi yana hawowa ta saƙar tabarma,
ɗan kaɗan, kamar na gindin randa.
Gyare ya yi ta kuka daga inda sanƙon yake.
Ban san lokacin da barci ya sace mu ba.

Da safe Bitrus ya iso da yaransa da shebur.
Na ce: daga ƙofar waje zuwa baranda,
faɗin taku biyu, hanya kaɗai.
Ya dube ni, ya dubi ciyawar,
ya ce: Maigida, wannan abar za ta cinye ka.
Na ce ai ta daɗe da farawa.

Muna cikin haka mai ruwa ya ƙwanƙwasa,
ya ce jarka ta ƙara kuɗi.