Aljihun Tebur na Ƙasa

Shekara ashirin da shida ina buga masa takardu,
ni Loretta, magatakardar kotun gunduma.
Yau aka ce in kwashe ofishin Alƙali Strandquist
kafin Litinin, sabon alƙali na son fenti.

Ga hoton gonar da banki ya ƙwace wa ubansa
yana ɗan shekara sha ɗaya, a arewacin Minnesota.
Ya ce ran nan ya ga takarda ta fi garma ƙarfi,
sai ya bi takarda.
Da rana dakon buhunan masara,
da dare karatun doka har fitila ta gaji.

Shari'arsa ta fari kan saniya ce da shinge.
Ya ci. Aka biya shi kaji huɗu.

Ga takardun kamfen, duk sun koɗe.
Ratar ƙuri'a arba'in da ɗaya ta kai shi majalisar jiha.
Shekara takwas yana kumfar baki kan gada guda,
wadda motar 'yan makaranta ke bi tana rawa.
Aka gina ta bayan ya sha kaye,
aka sa mata sunan wanda ya kayar da shi.
Ta kanta yake bi kullum, bai taɓa cewa uffan ba.

Lauyoyi sun fi tsoron shirunsa da gudumarsa.
In ya cire tabarau yana gogewa a hankali,
to wani ya yi ƙarya, kuma an gane.

Aljihun tebur na ƙasa ne ya ƙi buɗuwa
sai da na sa wuƙa.
Wasiƙu ne, dami guda, ɗaure da igiyar takalmi,
daga wani Curtis Pell da ya yanke wa shekara sha biyar
yana ɗan sha tara, kan fashin gidan mai
da bindigar da ba harsashi.
Doka ce ta ƙayyade adadin, shi karantawa ya yi.
Amma yana cikin masu ɗaga hannu
ranar da majalisa ta yi dokar.

Kowace wasiƙa da kwafin amsarta, rubutun hannunsa,
ba ta bi ta injina ba.
Ni da nake cika baki na san kowane harafinsa.

A waje dusar ƙanƙara ta binne motata.
Baƙar rigar ta gunduma ce, na bar ta a rataye.
Damin na sa a jaka.
Adireshin ƙarshe a Duluth yake, layin da ban sani ba.
Gobe Asabar, kuma na sha mai tun jiya.