Gwangwanin Baba Bra

Babana baduku ne a Birni.
Shekara hamsin basilla na bin hannunsa
kamar akuyar da ta san ƙofar gida.
Bara da bazara ta fara ɓatan kai.

Muka ce tsufa ne.
Tsufa ai jaki ne,
duk abin da aka ɗora masa ba ya musu.

Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonsa,
in an girgiza sai ya yi ƙara kamar caki.
Farar ƙwaya ta hawan jini tana ciki, ita da takardarta.
Ga ja ta ciwon gwiwa,
wadda yaro mai tire ke kawowa daga bakin Kasuwar Dole,
biyu dala biyar, da addu'a kyauta.
Ga kwalbar ƙarin ƙarfi da Mutari ya aiko daga Agadas,
rubutun jikinta ya fi ƙarfin gidanmu duka.
A gefe kuma tulun Iya Cima,
ɓawo da saiwa da jar kanwa.

Babu wanda ya shigo da mugun nufi.
Kowanne da sallama ya zo,
kowanne a tafin mai ƙaunarsa.

Wata asuba ya miƙe zai yi alwala,
tsakar gida ta juye masa,
buta ta yi gabas, shi ya yi yamma.
Ja ta ƙona masa ciki, muka sayo ta ciki.
Barci ya ƙaura, muka sayo ta barci.
Muna ta cike rami
da ƙasar da muka haƙo daga gefensa.

Sannan ya fara kirana Habsu.
Habsu uwata ce,
shekara tara ke nan tana kwance bayan duwatsu.
Ya ce, Habsu, kin ɗora tukunya?
Na tsaya da ludayi a hannu.
Na ce, na ɗora.

Maƙwabta suka ce iska ce.
Aka turara, aka shafa, aka tofa.

Ran wata Laraba na ɗaure gwangwanin a bakin zane,
na hau kabu-kabu.
Majo ta zazzage shi a kan tebur,
tana tsincewa kamar mai raba wake da tsakuwa.
Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta ce, ƙodar tsoho tsohuwar rariya ce,
abin da saurayi ya sha da safe, la'asar ya wuce,
shi tsoho kwana yake da shi,
na gobe ya zo ya tarar da na jiya bai tashi ba.
Ta ce, wannan a bari yau.
Wannan a janye ta sannu, kamar ƙaya a tafin ƙafa.
Wannan kuwa kada a fasa.
Tulun ma ta tambaya.
Ni ban san tulu yana cikin lissafi ba.

Mako uku.
Ƙasa ta daina gudu daga ƙafarsa.
Ya ci tuwo har ya nemi ƙari,
ya zagi farashin fata, na san ya dawo.
Rawar hannun ba ta tafi duka ba,
wannan rabon tsufa ne na gaskiya,
ɗan kaɗan, ba tulin da muka ɗora masa ba.

Jiya ya gama alabe guda,
ɗinkin ya ɗan karkace wajen baki.
Ya kira ni da sunana, Barira, sarai.
Ya daɗe yana duban wajen murhu.
Ya ce, ita fa, tun da kuka kai gwangwanin nan
ba ta sake leƙowa ba.

Na rasa ta cewa.
Na saka masa zare a allura.