Tandar Goggo Tabawa

A ajinmu na bayan kasuwar Wunti
Hansatu ta buga layi ɗaya sau talatin.
Yatsu sun sage, tana murmushi: "Malam, na gama."
Na ce sannu,
amma aikin na'ura kika ƙwace mata.

Wa ke suyar masa a gidanku?
"Goggo Tabawa, tun asuba."
Ranar da ta koya miki,
kowane gurbi ta tsaya ta sake bayani?
"A'a, sau ɗaya ta faɗa:
ɗiga mai, zuba, juya, kwashe,
muddin da ƙullu a roba, koma farko."

To, ki faɗa wa na'ura haka.

Ta goge talatin, ta bar uku.
Allo ya cika da kansa. Ta dafe ƙirji.

Gambo kuwa, can kujerar ƙarshe,
bai gaya wa tasa cewa ƙullu na ƙarewa ba.
Ta yi ta suyar iska,
sunansa na kwarara kamar famfon da ya ɓalle,
har aka ɗauke wuta.

"Malam, ta tsaya!"
Ba kai ka tsayar da ita ba, Gambo.
Gobe mu koma gurbin farko,
wanda ita ke kira sifili.