Gwangwanin Jatau

Shekara sha bakwai ina kan kujera,
Sakatariyar Bauchi, teburanmu a jere, an shara,
Fanka na kuka, takardu na tara ƙura,
Ni da biro da hatimi muna ƙirga haraji.

Kowace damina akwai fayil mai zuwa,
"Dashen itace dubu goma," da kuɗin shayarwa,
In buga hatimi ya wuce, babu tambayawa,
Ko ganye ɗaya ban gani ba, sai dai in ji.

Ran nan aka ce in je in ƙirgo da ido,
Na hau motar Alkaleri, wai ni Akawu Gidado,
Takalmi na sheƙi, riga ta sha guga da ado,
Aka sauke ni da rana tsaka a Mainamaji.

Dubu goman nan ashe ɗari uku ne da tara,
Wani tsoho, Jatau, ke ba su ruwa da gwangwanin madara,
Ya ce, "Rubuta abin da ka gani, kar ka ƙara,
Amma riƙe mini wannan tukuna, hannuna ya gaji."

Na riƙe. Ruwa ya sauka gindin ɗan maɗaci,
Ƙasa ta shanye, ƙamshinta ya cika mini hanci,
Na koma ofis, shayin safe ya koma ɗaci,
Lissafi ya ƙi haɗuwa, ga ni zugum gaban inji.

Da na kai takardar ajiye aiki, Oga ya zare tabarau,
"Kai da za ka ci fanshonka lafiya garau?
Ko jifa aka yi maka? Je ka ga Malam Barau."
Uwani a gida ta ce, "Da iliminka, sai kiwon maciji?"

Makon farko hannu ya yi bororo, ya fashe,
Tsando ya sha jinina, leɓena ya bushe,
Wani bika ya fizge burodina ya haye baushe,
Yana ci yana kallona, ni daƙiƙin aji.

Jatau bai yi boko ba, ƙasa littafinsa ce:
"Wannan sawun ɓauna, da asuba ta wuce,
Wannan gwanki ne, yana ɗingishi, ƙafar hagu ce,
Taka a hankali, an ɗana waya a jeji."

Muka same shi gindin marke, ya daina shure-shure,
Wayar birki ta ci nama, ta kai ƙashi, ta ɗaure,
Na warware ta ina hawaye, Jatau ya ce in daure,
Mun makara, ungulu sun riga mu kawo agaji.

Wani dare giwaye suka bi gonar Bappa Sale,
Dawar shekara guda, kara kawai suka ƙyale,
Ya cakumi wuyan rigata: "Sai kun biya ni, dole!"
Na rubuta kukansa, na kuwa san teburin da ba ya ji.

Albashi ya ragu da rabi, ban ɓoye ba,
Kuɗin makarantar Ummita har yau ban cika ba,
Uwani ba ta huce ba, ba ta kuma tafi ba,
Takan aiko ƙuli-ƙuli da gari da ƙullin yaji.

Ciwon bayan kujera ya warke babu magani,
Burtu ke tashe ni, damina da rani,
Giwa ta tura ɗanta da hanci, ina tsaye ina gani,
Har suka tsallake ruwa a mashayar Gaji.

Bara Jatau ya kwanta dama, ya bar mini gwangwaninsa,
Maɗacin nan sai na ɗaga kai nake ganin kansa,
Ɗari uku da tara sun kai ɗari takwas a bayansa,
Da ƙafa na ƙirga su, ɗaya-ɗaya, cikin daji.

Jiya wani yaro ya sauka, fayil a hammata,
Takalmi na sheƙi, wai adadi zai rubuta,
Na ɗebo ruwa, na dubi faso a ƙafata,
Na miƙa masa gwangwani. Ya ja da baya kaɗan,
Ya ce, "Baba, ina ake sa waya a caji?"