Katangarmu Ɗaya

Bulo ɗaya ne tsakanina da Kyauta
a gidan hayarmu na Bolari,
bulo kuwa ba ya riƙe sirri.

Tun da aka ƙwace adaidaitar Ɗanlami kan bashi
muryarsa ta sauya,
ya koma haɗiyar abin da ke jan ido.
Uwar kan fita da asuba tuyar awara bakin tasha,
ta ɗana kwaɗo a ƙofa:
'yar shekara huɗu da kofin kunu a ciki.

Na ji kukan.
Na ƙara sautin rediyo.

Ran Laraba ta zuro hannu ta ƙarƙashin ƙofa
tana kiran kazata,
na ga shatin wayar caji.

Ban yi wa uwar faɗa ba, gajiya ta riga ni.
Na ce, "Asabe, bar mini ita."
Maigidana ya ja Ɗanlami gefe bayan isha'i,
kashegari ya kai shi wurin mai injin niƙa.

Yau Kyauta ke tsince mini wake.
In murfin tukunya ya faɗi
har yanzu takan kāre kai da hannu biyu.
Rediyon yana kan taga, ƙasa-ƙasa.